Laka, takarda, POP ko soso: da me za ka gina tudun ƙaramin jirginka?

Ɗan ƙanwata da ke Garwa ya yi sa'ar wani tsohon akwati na ƙaramin jirgin ƙasa na wasa a wurin masu gwanjon kayan Turai: kan jirgi ɗaya, taragu huɗu, da layin dogon da in an harhaɗa shi yake ba da da'ira mai siffar ƙwai. Ya shimfiɗa a kan tebur, jirgi ya kwana biyu yana zagaye, a rana ta uku abin ya gundure shi. Sai ga saƙonsa cikin dare: "Kawu, jirgin yana tafiya, amma kamar a kan faranti. Ina son tudu da rafi irin naka. Da me zan gina?"

Amsar ta fi ƙarfin saƙon waya, domin abubuwa huɗu ne ke hannun mutum a ƙasar nan ta Kamaru, wato laka, takarda, garin POP da farin soson nan da ake cusa wa firji da talabijin a cikin kwali. Dukansu na gwada a ɗakina a nan Ngaundere, kuma kowanne ya taɓa ba ni kunya.

Kafin a taɓa ruwa ko gam, a juya kan jirgin ko akwatinsa a ga abin da aka rubuta. Yawancin na gwanjo HO ne, ma'ana an rage komai sau 87, tsakanin ƙarafan layin kuwa milimita 16.5. In an ga N, ragin sau 160 ne, layin milimita 9. A ma'aunin HO mutum bai wuce santimita 2 ba, kuka mai tsawon mita 20 ta dawo santimita 23, tudu mai mita 100 kuwa sai ya kai mita 1.15, wanda in ka ɗora a kan tebur ya wuce kanka. Shi ya sa ba mai gina dutse a kan ainihin lissafinsa. Tudun santimita 25 zuwa 30 ya isa ya ɓoye jirgi ya kuma cika ido. Ni da nake kwaikwayon shigowar jirgi Ngaundere ma a kan ƙarya nake tun daga tushe: layinmu da ya iso garin nan a 1974, wanda kamfanin Camrail ke riƙe da shi tun 1999, faɗinsa mita ɗaya ne, don haka ƙaraminsa na gaskiya shi ne wanda ake kira HOm, mai milimita 12. Samunsa a nan sai an sha wuya, sai na runtse ido na yi da HO. In da za a bi lissafi sosai, kilomita 622 da ke tsakanin Yawunde da Ngaundere sai an nemi tebur mai tsawon fiye da kilomita 7.

Abu na biyu, layin dogon ba a kan tudun yake zama ba. A kan katako ko wani abu mai santsi da ƙarfi ake kafa shi, a gwada jirgi har a gamsu, sannan a gina ƙasa a kewayensa. In ana son hawa, kada ya wuce santimita 2 zuwa 3 a kowace mita, in ba haka ba tayoyin su riƙa juyawa a wuri ɗaya.

To, laka. Da ita kowa ke farawa a zuciyarsa, tunda duk mun gina shanun laka muna yara, kuma ba wanda zai karɓi kuɗinka. Ni bokiti biyu na kwaɓa na jibga a kan filawud cikin hunturu. Washegari katakon ya lanƙwasa a tsakiya ya ja layin dogon ya karkace. Kwana uku tudun ya tsattsage kamar gindin tafki da rani, domin laka tana tsukewa in ruwanta ya fita. Wani dattijo maƙwabcina, tsohon magini, ya leƙo ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Malam, ai laka ba ta zama ita kaɗai. Ina ramnon?" Na ce, "Baba, ban sa ba." Ya girgiza kai ya fita. Na sake kwaɓi da yankakkiyar ciyawa kamar yadda ya ce, tsagewar ta ragu ƙwarai, sai dai kowane tsinken ciyawa da ya leƙo waje ya zama kamar gungume kusa da mutanena masu santimita 2. Nauyin kuwa yana nan. Ƙasar da za ta cika jarka mai lita 20 ta haura kilo 30, soso mai girman nan bai kai rabin kilo ba. Ga kuma ƙurar da busasshiyar laka ke zubarwa kullum, wadda ba ta da wurin zuwa sai kan layi da cikin haƙoran injin.

Ban kori laka gaba ɗaya ba. Rumbu, katangar gida, murhu, da surin gara irin jajayen nan da ake gani a gefen hanya, babu abin da ke fitar da su kamar ita, musamman in an kwaɓa da ɗan farin gam na kafintoci. Ƙananan abubuwa ke nan da ba su wuce babban yatsa ba. Tudu dai a'a.

Takarda ita ce ta marar kuɗi mai haƙuri. Ana yanka kwali siri-siri, faɗin yatsa biyu, a saƙa kamar zana, a lanƙwasa ya ba da siffar tudun, a manne bakinsa a jikin katako. Wasu da ragar kaji suke yi, amma ni ba na so: tana yankan hannu, tana tsatsa, kuma ranar da wani silinta ya taɓa ƙarafan layin biyu a lokaci guda wuta ta haɗu, jirgi ya tsaya, ka yini kana neman dalili. A kan saƙar kwalin ake shimfiɗa jarida da aka tsoma a ruwan gam, sau uku ko huɗu. A yaga ta da hannu, kada a sa almakashi, don bakin yagaggiya ya fi kwanciya. Takardar buhun siminti ta fi jarida ƙarfi nesa ba kusa ba.

Duk rigimar takarda a kan abin mannewar take. Mafi araha shi ne a dama fulawa ko sitaci kamar kunu, kuma yana kamawa sosai, amma ka sani abinci ka girka. Nawa na yi shi a watan Agusta, tsakiyar marka. A garin nan ruwan sama yakan kai wajen milimita 1,500 a shekara, damina ta ɗauki kusan wata bakwai. Mako guda tudun bai bushe ba, sai fumfuna ta rufe shi, ɗakin ya ɗauki tsami. Da ya bushe kyankyasai suka karɓi aiki, suna kankare shi da dare. Ƙarshen abin, wata safiya na tura jirgi cikin ramin da ke ratsa tudun bai fito ba, na zura hannu na taɓo sheƙar ɓera da aka yi da jaridar tawa. Gishiri a cikin kunun yana rage fumfuna, amma ba ya korar ɓera. Ƙaro, wanda mutanen Chadi ke da shi a wadace, yana manne takarda da kyau, sai dai duk ranar da ya ji laima ya saki. Wanda ya nace a kan takarda ya sayi farin gam na kafintoci ya sirka da ruwa rabi da rabi. Kuɗin ya ƙaru, amma an fita daga sahun masu ciyar da ƙwari, ban da gara, wadda kwali da jarida su ne tuwonta ko da me aka manne su.

Kada na zalunci takarda. A Marwa, Kusiri ko Njamena, inda ruwan shekara ya yi ƙasa da namu sosai, abin da ka shimfiɗa da safe ya bushe kafin la'asar. Ba ta da nauyi, cikinta fanko ne, ana iya zura hannu ta ƙasa a ɗauko taragon da ya kauce. Kuma tudu mai gangara a hankali, irin na makiyayar Adamawa da ke bin juna kamar raƙuman ruwa, da ita ya fi fitowa. Inda ta gaza shi ne dutse mai kaifi, da kuma dashen itatuwa, tunda fata ce kawai, in ka huda ka soka itace sai ya yi ta lilo.

POP kuwa, wanda masu aikin silin a nan ke ce wa plâtre, shi ne mai kyan gani a cikinsu, shi ne kuma mai saurin fushi. Ba sai ka sayi buhu ba, je inda ake aikin silin ka nemi a auna maka kaɗan. Ka murza shi a hannu tukuna. In ka ji gudaji-gudaji, ya sha iska mai danshi, ba zai kama da ƙarfi ba, ka bar musu abinsu. Asalinsa dutsen jifsam ne da aka gasa aka kore yawancin ruwan da ke jikinsa, da ya sake haɗuwa da ruwa sai ya koma dutse, har ka ji yana ɗumi. Saboda ɗumin nan kada yaro ya tsoma hannu cikin kwaɓin ya bari ya daskare a kansa, yana ƙuna.

Ruwa ake fara zubawa, sannan a barbaɗa garin a kai, kusan awo biyu na gari a awo ɗaya na ruwa, a juya a hankali. Daga nan abin da kake da shi minti goma ne zuwa sha biyar, wani lokacin bai kai ba. A Garwa cikin Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ruwan da ya yini a jarka zai sa ya daskare kafin ka gama gyara zama. Ɗebo na randa. Ɗigon lemun tsami biyu ko uku yana ja masa birki, amma in ya yi yawa ƙarfinsa ya ragu. Kwanon da ke da ragowar tsohon kwaɓi kuma yana ƙara masa sauri, shi ya sa nake kwaɓawa a cikin rabin tsohuwar ƙwallon roba: in ya bushe na matsa ta, ɓawon ya faɗo, ta koma fes. Ragowar kada a zuba a magudanar ruwa, can zai daskare ya toshe ta.

Ba a gina tudu da zallar POP, wannan komawa ne ga nauyin laka. Tsumma ake tsomawa, tsohuwar atamfar da ta sha wanki ko bandeji, a yanka kamar tafin hannu, a shimfiɗa a kan saƙar kwali sau biyu. Cikin awa guda ka sami ɓawo mai tauri da ba ruwan kyankyaso da shi. Daɗinsa na gaske yana wajen dutse. Akwai wani ɗan lokaci bayan ya kama, kafin ya yi tauri sosai, da yake yankuwa kamar sabulu. A nan ake sa bakin wuƙa a tsaga, a bi da tsohon buroshin haƙori, sai ga fuskar dutse irin wadda ake gani inda aka fasa tudu aka wuce da hanya. Wata dabarar, a dunƙule takardar alminiyam a warware ta, a zuba kwaɓi a ciki, in ya kama a ɓare. Fenti kuma shan sa yake yi: ka tsarma baƙi da ruwa sosai ka shafa, ya gangara cikin tsagogin ya zauna, dutsen ya tsufa a gabanka.

Aibinsa uku ne. Yana da ƙazanta, don haka a rufe layin dogon da salatif kafin a fara, musamman tsohon layi na baƙin ƙarfe da ke tsatsa da ɗigon ruwa ɗaya. Yana fashewa in tebur ya motsa. Kuma duk inda ya ɓantare sai fari ƙal ya leƙo kamar haƙori. Maganin na ukun shi ne a zuba ɗan jan garin nan da ake rina siminti da shi tun a cikin kwaɓi, ko ya ɓantare ja ne a ciki.

Saura soso. Masu shagon firji da talabijin zubar da shi suke yi, in ka yi musu magana da daɗi su tara maka. Kusan dukansa iska ne, wajen kashi 98 cikin ɗari. Akwai wani iri mai tauri, shuɗi ko ruwan hoda, da ake sa wa bango a ƙasashen sanyi, wanda ya fi yankuwa da kyau, amma ba kasafai ake ganinsa a kasuwanninmu ba, don haka maganar farin nan mai ƙwaya-ƙwaya nake yi. Ana jera shi hawa-hawa kamar tubali, a ɗiɗɗiga farin gam a tsakani, a soke da tsinken tsire ya riƙe. A ba shi kwana biyu, domin iska ba ta shiga tsakaninsu, gam ɗin yana jinkirin bushewa. Sannan a sassaƙa da wuƙa mai kaifi ko ruwan zarton ƙarfe, a goge da samfefa. A tsakar gida za a yi wannan aikin, a kan tabarma. Ni a ɗaki na yi na farko, ƙwayoyin suka manne a labule, a gado, har cikin kwanon miya, uwargida ta yi mako tana tuna mini.

Babban kuskurena da shi fenti ne. Na gama sassaƙa dutsen da garin nan ya ci sunansa, wanda a harshen Mbum ake nufin dutsen cibiya, har da ƙaton dutsen da ke zaune a ƙoƙuwarsa. Na ɗauko fentin fesawa na gwangwani na fesa masa ruwan toka. Ina tsaye ina kallo ya fara ƙara kamar ana suya, ya lotsa, cibiyar ta nutse. Aikin mako biyu ya tafi cikin minti ɗaya. Duk abin da ke da warin fetur makashinsa ne: fentin mai, tina, gam ɗin masu gyaran takalmi, da gam mai kamawa nan take. Fentin ruwa kaɗai yake ɗauka. Wuta ma haka, yana kamawa da sauri da baƙin hayaƙi mai guba, don haka maganin sauro na kunnawa da ƙarfen walda na masu gyaran rediyo su yi nesa da shi. Gara ba ta cin sa, amma tana ratsa shi ta yi hanya zuwa katako. Ƙafafun tebur dai a tsoma su cikin gwangwanayen baƙin mai, ko da me aka yi ginin, kuma kada tebur ya jingina da bango.

Da duk wannan, shi ne nake ba wa mutane shawara su sa a ciki, saboda abu biyu da sauran ba sa yi. Na farko, ana iya haƙa shi. In ka shimfiɗa soso mai kaurin santimita 5 a kan tebur duka ka kafa layi a kansa, kana da damar yanka ƙasa ka fitar da kwari, kwalbati, ko busasshen rafi irin Mayo Kaliyawo da ya ratsa Marwa, da gada a kansa. A ma'aunin HO, santimita 5 ya haura zurfin mita 4. Mai takarda da POP sai dai ya yi sama, in yana son rafi dole ya ɗaga layin gaba ɗaya a kan ƙafafun katako. Na biyu, itace soka shi kawai ake yi ya tsaya, gobe in bai yi maka ba ka cire ka matsar. Duwatsu masu tsini irin na Rumsiki ko haƙorin Mindif, da masu shimfiɗaɗɗen kai irin na Tingilin da ke kusa da Garwa, duk da soso suka fi sauƙi. Sai dai ba a barin sa tsirara, ƙwayoyinsa suna tona asiri ko an yi fenti. Sai an lulluɓe shi da tsumman POP sau ɗaya, siriri, ko jarida da farin gam.

Ga yadda nake raba wa masu tambaya. Wanda ke gidan haya, ko ma'aikacin da ake yi wa canjin gari, ya yi soso da fatar jarida da farin gam, ya kuma raba teburin gida biyu yadda zai fita ta ƙofa ya hau mota. POP mai kauri ba zai kai Garwa daga Ngaundere da ransa ba, gangaren dutsen nan na hanya kaɗai ya ishe shi. Wanda ke gidansa, teburin ba ya motsi, kuma dutse yake so a gani, ya yi soso a ciki da POP a waje. Ɗalibi a Njamena ko Marwa da aljihunsa ba nauyi, yana son abin da zai nuna a makaranta ko ya yi wasa da shi shekara guda, takarda ta ishe shi, ya fara bayan ruwa ya ɗauke. A Chadi ma da ba a taɓa shimfiɗa layin dogo ba, kayanta sai dai a sauke a tashar Ngaundere a ɗora wa manyan motoci, ba mai ce masa ga yadda ƙasar gefen layi take, sai ya zaɓi wadda ransa ke so. Mutumin Ngaundere ko Meiganga kuwa ya manta da kunun fulawa sam.

Ko wanne aka zaɓa, abin da ido zai gani shi ne na sama, kuma a nan ƙasar da na kora ta dawo. Ba fentin da ya kai jar ƙasar gaske. A ɗebo ta, a soya a tsohon kasko don ƙwayayen ƙwari su mutu, a tankaɗe da rariya mai laushi. Sannan a bi ta da maganaɗisun tsohuwar lasifika. Za ka yi mamakin baƙin garin ƙarfen da zai manne, wanda in ka bar shi injin jirgin ne zai jawo shi cikinsa. A shafa fentin ruwa mai launin ƙasa, a barbaɗa ta a kai tun yana ɗanye, in ya bushe a ɗiga farin gam da aka sirka da ruwa, da ɗigon ruwan sabulu guda don ya nutse maimakon ya tsaya a sama. Tsakuwar ƙarƙashin layi kuma yashi ne, tunda dutse mai santimita 5 a HO bai kai milimita ɗaya ba. Ciyawar rani zaren igiya ne da aka yayyanka, ta damina garin katako da aka rina, ganyen itace kuwa soson tsohuwar katifa da aka marmashe a kan reshen wayar wuta da aka murɗa. A zaɓi lokaci ɗaya, ko rani ko damina. Kore shar a gefen busasshen rafi ba ya zama.

Shi ɗan ƙanwar tawa haya yake, ɗaki ɗaya, kuma gadar Binuwai yake mafarkin jirgi ya hau, duk da jirgi bai taɓa zuwa Garwa ba. Na ce masa soso, fatar jarida, POP a fuskar dutse kawai, yashin kuma ya gangara bakin kogi ya ɗebo. Na ƙara masa da cewa in zai yi ramin da jirgi ke shiga, ya bar ƙofa a bayan tudun da hannunsa zai shiga har gwiwa, ya kuma nemi tsohon zanen gado da zai riƙa rufe teburin da shi in hazo ya sauka. Jiya ya turo hoto, ya ɗaure soson firji biyu a bayan babur, ya fi shi tsawo. A ƙasa ya rubuta: "Kawu, fentin fesawa fa, ko kaɗan ne ba za a sa ba?"